Garin ƙashi a abincin dabba: inda yake gina ƙashi da inda yake ɓata shi

A shekarun 1880 gidan namun daji na birnin Landan ya yi ta fama da wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Zakanya za ta haihu lafiya, 'ya'yan su fara tasowa da kuzarinsu, amma da an yaye su sai ƙafafu su soma lanƙwashewa, gaɓoɓi su kumbura, tafiya ta gagara, daga nan sai mutuwa. Kuma ba yunwa ke kashe su ba, nama ake ba su har su ƙoshi, tsoka zalla. Wani likitan fiɗa mai suna John Bland-Sutton ya ba da shawara a ƙara musu dakakken ƙashi da madara da man hantar kifi. Aka yi haka, 'ya'yan zakin suka miƙe, suka rayu. A 1889 ne labarin ya fito, shekaru fiye da 30 kafin a raɗa wa bitamin D suna.

Duk wanda ya ji wannan labari, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ƙashi ke gina ƙashi, saboda haka dabbar da ake so ta yi tsayi da ƙarfi sai a yi ta zuba mata garin ƙashi. Akwai gaskiya a cikin wannan tunani, kuma gaskiyar da ke cikinsa ce ta sa yake da haɗari. Garin ƙashi ya ceci dabbobi masu ɗimbin yawa, ya kuma gurgunta waɗansu, kuma abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne sau da yawa hannun da ya gurgunta su na mai ƙaunarsu ne. Kafin a gane yadda abu ɗaya ke yin aiki biyu, sai an fara da shi ƙashin kansa.

Me ke cikin ƙashi, kuma ta ina yake tsawo

Ka samu ƙashin cinyar kaza guda biyu. Ɗaya ka jefa shi cikin binega ka bar shi kamar mako guda. Idan ka ciro shi siffarsa tana nan yadda take, amma zai lanƙwashe a hannunka kamar roba. Ɗayan ka sa shi a garwashi ya ƙone har ya yi fari fat. Shi ma siffarsa tana nan, sai dai da ka matsa shi da yatsa zai marmashe. Na farko tsami ya narkar da ma'adinansa, saura zare. Na biyu wuta ta cinye zarensa, saura ma'adinai. Ƙashi mai lafiya haɗin biyun ne. Zaren wani furotin ne da ake kira kolajin, shi ne kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyin busasshen ƙashi, shi ke hana shi karyewa kamar tangaran. Sauran kashi biyun wani gishiri ne mai tauri na kalsiyam da fosfaras, kuma a cikinsa duk giram 2 da ɗan ɗoriya na kalsiyam yana tafe da giram 1 na fosfaras. A riƙe wannan lissafi na biyu da ɗaya, domin kusan duk maganar nan a kansa take juyawa. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikin dabba yana cikin ƙashi da haƙora, haka ma kusan kashi 80 na fosfaras.

Garin ƙashin da aka turara aka niƙa yana ɗauke da kalsiyam tsakanin kashi 24 zuwa 30 cikin 100, da fosfaras kamar kashi 12 zuwa 14. Akwai ɗan'uwansa, garin nama da ƙashi, wanda ake yi da ragowar mahauta gaba ɗaya: rabinsa furotin ne, kalsiyam kamar kashi 10, fosfaras kamar 5. Sai tokar ƙashi, wadda aka ƙone komai sai ma'adinai. Sunansu ya yi kama amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya auna ɗaya da ma'aunin ɗayan ya riga ya fara kuskure.

To ta ina ƙashi ke ƙara tsawo? Idan ka tsaga ƙashin ƙwaurin budurwar kaza a tsaye da wuƙa mai kaifi, kusa da gwiwa za ka ga wani siririn layi mai sheƙi, launinsa tsakanin fari da shuɗi, ya gitta ƙashin daga gefe zuwa gefe. Guringuntsi ne, shi ne faifan girma. A saman faifan ƙwayoyin guringuntsi suna rarrabuwa, suna jeruwa kan juna kamar an tara kwabbai. Waɗanda suka tsufa a ƙasa suna kumbura, kalsiyam da fosfaras su sauka a kewayensu su daskare, jijiyoyin jini su kutso, sannan ƙwayoyin da ke gina ƙashi su zo su shimfiɗa ƙashi na ainihi a wurin. Sama tana ƙara guringuntsi, ƙasa tana mayar da shi ƙashi, a haka ƙafa ke tsawo. Idan ma'adinan suka yi ƙaranci, saman ba ta tsayawa, amma ƙasan ta kasa daskarewa. Sai faifan ya yi kauri ya yi laushi, nauyin jiki ya danne shi ya bazu gefe. Wannan shi ne kumburin gaɓar da aka gani a 'ya'yan zaki, shi ne cutar rikets.

Akwai kuma waɗansu ƙwayoyin da aikinsu rushe ƙashi. Mutum zai zaci ɓarna suke yi, alhali ba don su ba da babu ƙashin da zai yi siffa. Su ke faɗaɗa ramin ɓargo, su ke sassaƙe bakin gaɓa, su ke buɗe hanyar da lakar gadon baya ke bi yayin da dabba ke girma. Magina da marusa tare suke aiki har ƙarshen rayuwa.

Abin lura a nan shi ne saurin rarrabuwar ƙwayoyin faifan ba kalsiyam ke juya shi ba. Gado ne, da homon na girma (homon sinadari ne da jiki ke saki cikin jini don ya kai wa sassansa umarni), da yawan kuzari da furotin da ke cikin abinci. Ranar da faifan zai rufe kuma homon na balaga ke sa ta, shi ya sa dabbar da aka dandaƙe tun tana ƙarama ƙafafunta kan ɗan fi tsawo, don faifanta ya jinkirta rufewa. Garin ƙashi kayan gini ne. Idan babu shi aikin ya tsaya ko ya karkace, amma tara shi fiye da buƙata ba ya ƙara wa ginin ko taƙi ɗaya.

Jini ne farko, ƙashi daga baya

Garin ƙashin da dabba ta haɗiye ba ya tafiya ƙafarta kai tsaye. Tsamin ciki ke narkar da shi, hanji ya tsotsi abin da ya iya, ya shiga jini. Shi kuwa jiki bai ɗauki kalsiyam ɗin jini da wasa ba, don da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. Da ya ɗan sauka, waɗansu ƙananan halittu a wuya da ake kira faratayirod sai su saki homon da ke umartar marusa su ɓanɓaro kalsiyam daga ƙashi su zuba a jini. Da ya hau da yawa, wani homon mai suna kalsitonin ya tsayar da marusan. Ma'ana ƙashi rumbu ne, kuma jiki ya gwammace ya kwashe rumbun ƙarƙaf da ya bar jini ya rasa. Wannan ne ya sa a gwada jinin dabbar da ƙashinta ya kusa zama takarda, a ga kalsiyam ɗinsa daidai. Masu binciken abincin kaji sun san haka, shi ya sa ƙashin ƙwauri suke ƙonawa su auna tokarsa idan suna son gaskiyar lamari.

Mai buɗe ƙofar hanji kuwa bitamin D ne, bayan hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa. A 1919 Edward Mellanby ya nuna a Birtaniya cewa man hantar kifi na warkar da rikets a jikin kwiyakwiyai, sannan a 1922 Elmer McCollum a Amurka ya tabbatar wani bitamin ne dabam, aka sa masa D. A tuna cewa Bland-Sutton abubuwa uku ya bayar, kuma man kifin yana ciki. Garin ƙashi ba shi da wannan bitamin. Tumaki da shanu da kaji fatarsu na iya haɗa shi idan rana ta taɓa su kai tsaye, amma kazar da ta tashi a rufaffen ɗaki sai an sa mata a abinci, kuma nau'in D3 take amfana da shi sosai. Kare da kyanwa ko sun wuni a rana fatarsu ba ta haɗa wanda zai ishe su. Sau nawa mai kiwo zai ga 'yan tsaki suna durƙushewa, baki ya yi laushi har yana lanƙwasuwa tsakanin yatsu, ya ninka garin ƙashi, abin ya ƙi, alhali bitamin ne ya lalace a buhun da ya daɗe cikin zafi.

Kowace dabba da giɓinta

Mai cin nama giɓinsa kalsiyam ne. A cikin tsoka fosfaras ya ninka kalsiyam sau 10 zuwa 20. A dawa zaki ba tsoka kaɗai yake ci ba, har da ƙashi da guringuntsi da kayan ciki. Kwikwiyo ko ɗan kyanwar da aka tsare a kan tsoka zalla, jikinsa zai yi ta sace kalsiyam daga ƙashi har bangon ƙashin ya yi siriri, ya karye don kawai ya diro daga kan kujera. A irin wannan hali garin ƙashi magani ne na gaske. Haka aka gani a wata irin ungulu ta Afirka ta Kudu. A yankunan kiwo da aka kawar da kuraye, aka riƙa samun 'ya'yanta da karkatattun fukafukai. Ashe kura ce ke farfasa manyan ƙasusuwan mushe, iyayen ungulun su tsinci gutsattsarin su kai wa 'ya'yansu. Da aka fara ajiye musu fasasshen ƙashi a wuraren ciyarwa, matsalar ta ragu.

Mai cin ciyawa kuwa giɓinsa yawanci fosfaras ne, kuma a nan ne tarihin garin ƙashi ya fi haske. A farkon ƙarni na 20 wata cuta da manoman Afirka ta Kudu ke kira lamsiekte tana ta kashe shanu: saniya za ta shanye, ta kwanta, ta mutu. Arnold Theiler, likitan dabbobi haifaffen Suwizalan, ya bi diddigin abin a wata gona mai suna Armoedsvlakte kusa da garin Vryburg. Wajen 1919 ya gano sarƙar. Ƙasar wurin ba ta da fosfaras, ciyawar ma haka. Shanun sai su kamu da kwaɗayin ƙashi, su riƙa yawo suna neman ƙasusuwan mushe suna tauna. A jikin ruɓaɓɓen naman da ya maƙale wa ƙasusuwan akwai gubar ƙwayar botulizim, ita ce ke shanye su. Da aka fara ba su tsabtataccen garin ƙashi, kwaɗayin ya kwanta, suka daina taunar mushe, mutuwa ta ragu. Kuma aka sami ribar da ba ita aka fita nema ba: maruƙa suka fi saurin girma, shanu suka fi yawan haihuwa da nono.

Ya kamata a tsaya a kan dalilin wannan girma, don a nan mutane ke ɓacewa. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin saniya, waɗanda ke narkar mata da ciyawa, su ma suna buƙatar fosfaras, kuma ta yawu take mayar musu da shi. Idan ya yi ƙaranci narkewar abinci ta ragu, sha'awar ci ta mutu, saniya ta rame ko da ciyawa na gabanta. Garin ƙashi ya dawo mata da cinta, cin kuma ya dawo da girma. Ka ba saniyar da ke kiwo a ƙasa mai wadatar fosfaras irin wannan gari, ba za ka ga wannan canji ba.

Mai cin hatsi, wato kaza da alade, nasa ya fi sarƙaƙiya. Masara kusan ba ta da kalsiyam. Tana da fosfaras, amma kamar kashi biyu cikin uku nasa a ɗaure yake cikin wani sinadari mai suna fayitet, wanda cikin kaza ba ya iya kwancewa sosai. Dabbobi masu tuƙa ƙwayoyin tumbinsu na kwance musu shi, kaza ba ta da wannan gata. Fosfaras ɗin garin ƙashi ba a ɗaure yake ba, shi ya sa ya daɗe yana da daraja a abincin kaji. Doki kuma idan aka cika masa dusar alkama, mai fosfaras da yawa da kalsiyam kaɗan, ƙashin fuskarsa kan yi laushi ya kumbura. Shi wannan kalsiyam yake nema, ƙara masa fosfaras ƙara wa wuta mai ne.

Kajin nama na zamani sun sa lamarin ya ƙara tsanani. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun yi kiwon irin kajin 1957 da na 2005 a kan abinci iri ɗaya. A kwana 56, ta 1957 ta kai giram 905, ta 2005 ta kai giram 4,202. Nama yana hawa da gudu a kan ƙafar da ba ta gama daskarewa ba. A irin waɗannan kaji akan tsaga ƙwauri a tarar da wani farin curin guringuntsi a ƙarƙashin faifan girma, jini bai shige shi ba, bai zama ƙashi ba. Rashin daidaiton kalsiyam da fosfaras na tsananta shi, amma saurin girman kansa yana cikin tushen matsalar, kuma babu garin ƙashin da zai kawar da wannan ɓangaren.

Idan ya yi yawa

A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Herman Hazewinkel da abokan aikinsa sun yi wani gwaji a shekarun 1980 da kwiyakwiyan Great Dane, ɗaya daga cikin manyan karnukan duniya. Waɗansu aka ba su abinci mai kalsiyam kashi 1.1 cikin 100, waɗansu kashi 3.3. Waɗanda aka ninka wa ba su fi tsawo ba. Girmansu ma tauyewa ya yi, guringuntsin gaɓoɓinsu ya ƙi nuna yadda ya kamata, ƙafafun gaba suka karkace waje.

Dalilin yana komawa ga magina da marusa. Babban kare idan kalsiyam ya yi yawa a abinci hanjinsa na rage tsotsa. Kwikwiyon da bai kai kamar wata 6 ba bai mallaki wannan birki ba tukuna, abin da aka zuba masa yana shiga jini gwargwadon yawansa. Kalsitonin ya tashi, ya ɗaure hannun marusa. Gini na tafiya, sassaƙa ta tsaya. A ƙafar gaba ƙasusuwa biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, idan faifan ɗaya ya samu tangarɗa ɗayan ya ci gaba da tsawo, dole ƙafar ta yi baka. A wuya kuma ramin da laka ke bi zai iya ƙin faɗaɗa, ya matse ta, kare ya riƙa tangaɗi. Saboda irin waɗannan bincike ne ƙungiyar AAFCO, mai tsara ƙa'idar abincin dabbobi a Amurka, ta sa iyakar kalsiyam kashi 1.8 cikin 100 na busasshen abinci ga kwiyakwiyan manyan karnuka. Mutumin da ya sayi cikakken abincin kwikwiyo, sannan ya riƙa barbaɗa masa cokalin garin ƙashi a kai don ya yi ƙwari, garin neman gira yake shirin rasa ido. Ba na zarginsa, niyyarsa kyakkyawa ce, amma da zan iya kai saƙo ɗaya tak ga masu kiwon manyan karnuka, wannan zan kai.

Yawan kalsiyam yana da wata ɓarnar a cikin hanji. Yana kama fosfaras su zama dunƙulen da ba ya narkewa, su fita tare a kashi, har dabba ta kamu da rikets na rashin fosfaras alhali abincinta cike yake da ma'adinai. Yana kuma tare ma'adinin zinki, wanda rashinsa ke sa fatar alade ta yi kauri ta tsattsage. A kaji, abincin masu ƙwai yana da kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, na 'yan tsaki kuwa kamar kashi 1. Ka ɗora 'yan tsaki a kan abincin masu ƙwai, ƙodarsu ce za ta biya. A ɗaya gefen, raguna da bunsuran da ake turkewa a kan hatsi da dusa suna samun fosfaras fiye da kima, ya taru ya zama tsakuwa a mafitsara, ta toshe musu fitsari. Su farar ƙasa ta abinci ta fi dacewa da su, mai kalsiyam kusan kashi 38 ba fosfaras, don ta dawo da lissafin biyu da ɗaya.

Kaza mai ƙwai ma haka. Kowane ɓawon ƙwai yana cin kalsiyam kamar giram 2, kuma fosfaras ɗin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Kamar mako biyu kafin ƙwan farko, budurwar kaza na gina wani ƙashi na musamman mai laushi a cikin ramin ɓargonta, daga shi take ɗiba da dare lokacin da ɓawo ke haɗuwa. Idan aka ce da garin ƙashi za a cike mata duk wannan buƙata, fosfaras zai yi mata yawa, ɓawon ma ya ƙara siriri. Shi ya sa ake ba ta farar ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa ko ɓawon kawa, wanda zai daɗe a ƙundu yana narkewa a hankali har tsakar dare, garin ƙashi kuma a bar shi a ɗan gwargwadon da zai cike fosfaras.

Romon ƙashi da kolajin da ake tallatawa ba za su ɗauke mu lokaci ba. Kalsiyam ɗin da ke fita cikin romo kaɗan ne ƙwarai, kolajin kuma ciki na farfasa shi kamar kowane furotin.

Abin da ke biyo ƙashi

Ƙashi na dabba ne, kuma abin da ya kashe dabbar ko ya zauna a jikinta yana iya biyo shi. Ƙwayar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, tana rufe kanta cikin ƙwanso mai jure zafi da shekaru, kuma garin ƙashin da bai dahu sosai ba sananniyar hanya ce da ta bi ta shiga garke a ƙasashe da dama. Ƙwayar cutar salmonela takan koma cikin garin bayan an dafa, idan wurin ajiya ba tsabta. Dalma kuma a ƙashi take taruwa tsawon rayuwar dabba, don jiki na ɗaukar ta kamar kalsiyam.

Babban darasin ya zo daga Birtaniya. A Nuwamba 1986 aka tabbatar da cutar haukan shanu. Bincike ya nuna garin nama da ƙashi ne ke yaɗa ta: ragowar shanun da suka kamu ake sarrafawa a mayar wa maruƙa. Abin da ke jawo ta wani gurɓataccen furotin ne da ake kira firiyon, wanda dafuwar yau da kullum ba ta kashewa, kuma ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa da laka, wato daidai abin da ke cikin ƙoƙon kai da ƙashin baya. A Yuli 1988 Birtaniya ta hana ba dabbobi masu tuƙa furotin ɗin 'yan'uwansu. A Maris 1996 gwamnati ta sanar da alaƙar cutar da wata sabuwar cutar ƙwaƙwalwa a jikin mutane, wadda ta kashe mutum 178 a ƙasar. Shanun da aka tabbatar sun kamu sun haura 180,000. Amurka ta kafa irin nata hanin a 1997, Tarayyar Turai kuma daga Janairu 2001 ta hana sa sarrafaffen furotin na dabba a abincin dabbobin gona baki ɗaya. A 2021 ta yarda a ba kaji na alade, a ba alade na kaji. Shanu da tumaki da awaki har yanzu hanin na kansu. Ma'aunin dafuwar da Turai ta ɗauka shi ne zafi digiri 133, ƙarƙashin matsin tururi kusan ninki 3 na matsin iskar da ke kewaye da mu, na minti 20. Ƙashin da aka shanya a rana aka daka, ko aka babbaka sama-sama, bai kusanci wannan ba.

Abin tausayi ne a ce garin da ya ceci shanun Theiler danginsa ne suka jawo wannan bala'i bayan shekaru kusan 70. Amma ilimin da Theiler ya bari bai faɗi ba, don abin da shanunsa ke nema fosfaras ne, kuma yau ana samun sa ta hanyoyin da ba su bi ta mushe ba. Akwai dayikalsiyam fosfet mai fosfaras kusan kashi 18, da monokalsiyam fosfet mai kusan 22, waɗanda yawanci daga dutsen fosfet ake yin su bayan an cire masa fuloraid, don ɗanyen dutsen yana lalata haƙora da ƙashi. Tun 1991 kuma aka fara sayar da fayitez, sinadarin da ke kwance fosfaras ɗin da ke ɗaure a hatsi, har buƙatar ƙari ta ragu a abincin kaji da alade. Fifikonsu a kan garin ƙashi shi ne abin da aka rubuta a buhu shi ne a ciki. Garin ƙashi kuwa wannan buhu dabam wancan dabam, gwargwadon irin ƙashin, da yawan naman da ya biyo shi, da yadda aka dafa, balle a ce an yi masa algus da yashi ko farar ƙasa. Inda doka ta yarda, kuma aka san an turara shi yadda ya kamata, har gobe abu ne mai amfani ga kaji da karnukan da ake haɗa wa abinci a gida, muddin an auna shi tare da duk sauran abin da ke cikin kwanon.

Saura maganar lokaci. Ƙashin ƙaramar dabba yana saurin karɓar gyara fiye da yadda ake zato. Ɗan kyanwar da tsoka zalla ta sirantar wa ƙashi, idan aka gyara abincinsa aka tsare shi a ƙaramin wuri don kada ya yi tsalle ya karye, cikin 'yan makonni hoton ƙashinsa kan nuna bangon ya fara kauri. Ƙaramar lanƙwasa ma takan miƙe da kanta muddin faifan girma yana buɗe, don ɓangaren da aka danne da wanda aka saki suna daidaita kansu yayin da ƙafar ke tsawo. A yawancin karnuka faifan na rufewa wajen shekara 1, a manyan iri yakan kai wata 18, a kajin nama kuwa duk rayuwar ba ta wuce 'yan makonni ba, kuskuren makon farko da na biyu shi ake gani a mako na biyar lokacin da kaza ta zauna a kan gwiwoyinta ta kasa isa wurin ruwa. Bayan faifan ya rufe, abinci mai kyau zai iya ƙara wa ƙashin tauri, amma karkatar da ya riga ya yi sai dai likitan fiɗa ya yanke ƙashin ya daidaita shi da ƙarfe.